Hannun Uwaisu Bai Daina Zane Ba

Limawa, Dutse
Talata, 5 ga Agusta

Zuwa ga Yaya Rashida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jego, ya ruwan zafi? Allah ya raya abin da aka samu. Ki gaishe mini da kakarki Iya Yagana, ki ce mata marainiyar da Hassanarta ta bari tana wata bakwai tana nan da rai, ko da yake rabonmu da juna tun ranar bikina. Mu nan da sauƙi. Yau kwana hamsin da ɗaya da rasuwar maigidan, jikin dai yana tafiya.

Na san za ki yi mamakin takarda a wannan zamani. Wayata tana cikin kwallar Inna, mahaifiyar marigayi, a kashe. Ta ce mai takaba ba ta amsa kiran maza, kuma da gaskiyarta, masu neman hoto ba su daina kira ba. Ni ba fita, ke ma ba fita sai kin yi arba'in. Shi ya sa na ba Tasi'u direba, tunda kullum yana hanyar Haɗeja. A duk danginmu ke kaɗai na sani mai aikin kwamfuta a gidan buga kati, don haka ki yi haƙuri da ni.

Kwana biyu kafin hatsarin, marigayi ya je Aujara ya ɗauki hoton mata arba'in 'yan ƙungiyar manoma, na katin karɓar taki. Shugabarsu ta zo har sau uku, damina kuma ba ta jiran mai makoki. Sai na sa aka kwaso kwamfutar shagonsa na hoto da firinta aka kawo mini ɗaki. Ni a shagon almakashi na sani, yankan fasfo, amma ido ba ya zama banza. Na sha ganin yana buɗe hoto, ya je wani jeri a gefen dama, ya zaɓi wanda ya rubuta wa «Fasfo», ya danna 'yar kibiya, sai kwamfutar ta yi komai da kanta. Akshin yake kiran abin.

Haka na yi. Ta yanke hoton daidai, ta mai da bayan fari, ta ƙara haske, har na fara hamdala. Sai ta tsaya, wani ɗan akwati ya fito da Turanci, ya ce akwai abin da babu, a ci gaba ko a tsaya? Na ce a ci gaba.

Yaya, sai aka fara zane. Wallahi hannuna yana kan cinyata. Layi yana fitowa a kuncin matar, a hankali, bille a hagu. Sai 'yar baka. Sai aka buɗe leɓe aka sa wushirya. Sai gira. Daga ƙarshe aka rufe idonta aka sa wani. Na ce ko hoton ne, na gwada na biyu, haka. Kamar wadda aka yi wa asiri, sai da na kai na arba'in, har na buga su a takarda don in ga ko allon ne yake mini gizo. Tsohuwa da yarinya, fara da baƙa, har da wata baiwar Allah mai ido ɗaya, duk sun fito da ido iri ɗaya, suna kallona.

Kuma na san hannun. Shi ne yake ja uku gajeru, ya ɗan dakata, ya ja dogo. Haka yake yi ko rasit zai sa wa hannu. Shekara biyar ina zaune kusa da hannun nan, ba wanda zai gaya mini.

Inna ta shigo ta gani, ta saki salati, ta aika Aujara aka kira Baffa Ikrima, ƙanen mahaifin marigayi. Ya ƙone takardun a tsakar gida, ya tsaya a kaina na share waɗanda suka ɓaci daga kwamfutar. Ya ce yaron yana kabari hannunsa yana zana fuskar mai rai, wa ya san abin da ake rubuta masa duk lokacin da aka kunna? Tun daga ranar Inna ba ta cin abincin kirki. Ya ce ranar Juma'a ta sama, sha biyar ga wata, zai zo da wanda zai wanke kwamfutar tas.

Ina tsoron abin nan, ba zan ɓoye miki ba. Amma rigunansa an rabar, babur ɗin ya zama ƙarfe, wannan ne kaɗai abinsa da ya rage yana motsi. Ba na so a goge shi ban san mene ne ba. Na ɓoye guda ɗaya daga cikin hotunan, ga shi nan a ninke cikin takardar. Ki duba ki gaya mini gaskiya, ko mai ɗaci ce.

Ƙanwarki,
Zakiyya

Haɗeja
Asabar, 9 ga Agusta

Ƙanwata Zakiyya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta ta da hannu ɗaya, ɗayan yana jijjiga wannan sarkin kukan. Muna lafiya, sai dai kunun kanwa ya ishe ni, kuma matan gidan nan sun rantse sai sun dafa ni da raina. Allah ya jiƙan Uwaisu, ya ba ki dangana. Iya tana tsohon gida, ƙafa ta matsa mata, amma jibi za a kawo ta ta ga jariri, zan isar da gaisuwarki.

To ki kwantar da hankalinki, ba aljani ba ne, kuma ba daga kabari ake aiko da shi ba. Mantuwa ce, irin wadda duk mai aikin nan ya taɓa yi. Ni kaina na taɓa buga sunan wata amarya a katin suna guda ɗari, saura kaɗan oga ya kore ni.

Akshin kamar naɗar murya ne, sai dai shi aiki yake naɗa. A ƙasan jerin nan akwai ɗan ɗigo. In kika danna shi ya yi ja, duk abin da kika yi wa hoto kwamfuta tana rubutawa ɗaya bayan ɗaya: ya yanke nan, ya goge baya, ya ƙara haske. Kowanne mataki ne. Ba ta dainawa sai kin danna ɗan akwatin da ke kusa da shi, na tsayawa. Daga baya ki kunna a kan hoto dubu, ta maimaita ba gajiya. Abin da nake zato, Uwaisu ya naɗi gyaran fasfo, wani abu ya ɗauke masa hankali, bai tsayar ba. Ya koma kan wani hoton da yake buɗe a gefe, ya kama zane da buroshi, jan ɗigon kuwa yana nan yana haɗiye komai. Akwatin da yake fito miki, ɗayan hoton kwamfutar take nema ba ta samu ba. Da kika ce a ci gaba, sai ta zuba zanen a kan wanda ke gabanta. Ita ba ta san fuska ba, wuri ta sani. Inda ya ja layi, nan za ta ja, ko hoton akuya kika ba ta.

Ga abin da za ki yi. A gefen sunan «Fasfo» akwai 'yar ƙaramar kibiya, ki danna, matakan za su zubo ƙasa. Kowanne yana da alamar maki a hagunsa. Ki nemo wanda yake kawo akwatin nan, daga shi zuwa ƙasa ki cire musu makin. Wanda ba shi da maki tsallake shi take yi, yana nan amma ba ya aiki. Da haka za ki gama wa matan Aujara aikinsu lafiya lau.

In kina son ganin abin da kowanne yake yi, ki danna shi sau biyu kina riƙe da maɓallin da zan zana miki a bayan takardar nan, zai yi shi kaɗai ya tsaya.

Batun Baffa kuwa, kada ki yi musu da babba, kuma tsoron Inna na uwa ne. Amma kada ki bari a wanke kwamfutar, da ita za ki riƙe kanki gobe. Ki nuna masa cewa abin da yake damunsa matakan ƙasan nan ne kawai. Ki kama su da maus, wato linzamin kwamfutar, ki ja zuwa ɗan kwandon sharar da ke ƙasa, a gabansa, ya gani da idonsa sun tafi. Sai dai ki sani, wanda kika jefa kika rufe manhajar, ya tafi ke nan, ba malamin da zai dawo da shi.

Ɗan hoton na gani sama-sama, na tura shi ƙarƙashin filo. Ko wace ce yake zanawa, ya zauna mata, wannan ba aikin kwastoman gaggawa ba ne. Ki ci abinci, Zakiyya. Ki sa Inna ma ta ci.

Yayarki,
Rashida

Limawa, Dutse
Laraba, 13 ga Agusta

Yaya Rashida,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina jinjirin, ina Iya? Mu lafiya. Inna ta sha fura jiya, yau har ta nemi tuwo. Tasi'u bai shigo ba kwana biyu, zan ba wani direban wannan.

Allah ya saka miki. Na cire makin kamar yadda kika ce, hotunan matan Aujara sun fito tsaf, kowacce da fuskar da Allah ya ba ta. Shugabarsu ta karɓa jiya da hantsi.

Na ƙirga matakan. Na fasfo goma sha huɗu ne kacal. Na sha biyar shi ne mai neman hoton da babu. Daga nan har ɗari biyu da arba'in, duk zane ne. Jiya bayan azahar na zauna na bi su ɗaya-ɗaya a kan farin shafi. A kan fari ba fuskar kowa a ƙasa, sai nasa hannun kawai. Ya ja gira, ya goge, ya sake ja. Wushiryar nan sau huɗu yana gyara ta. Ido kuwa, Yaya, mataki saba'in ya ba shi. Saba'in! Daga ɗari da saba'in da ɗaya har ƙarshe. Har ɗan hasken da ke cikin ƙwayar sai da ya sa, ya rage, ya ƙara.

Kin rubuta cewa ko wace ce, ya zauna mata. Tun da na karanta layin nan yake cina. Yanzu zan gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba.

Ranar da ta zama ta ƙarshe a shagon, na kai masa abinci da la'asar. Ina ɗaga labule ya zabura kamar ɓarawo, ya hau danne-danne. Akwati ya fito yana tambayarsa ko ya adana aikin, ya danna a'a don sauri, ya rufe komai. Na ce, «Me kake ɓoyewa?» Ya yi dariya ya ce, «Ba yanzu ba, Hajiya.» Na ce ba yanzu ba sai yaushe, sai an kawo lefe? Na dire masa kular na fita. Da safe zai tafi ya yi mini sallama har sau biyu, ina shara, ban ɗago ba. Da azahar aka zo aka ce tirela ta bi ta kansa a hanyar Kiyawa.

Kuma ana dab da rasuwarsa sau biyu ya je garinku, wai aiki. Ya zo ya gaishe ki? Ba ki ce ba, na san bai zo ba. Mutumin da bai taɓa zama ya gyara hotona ba, kullum sai ya ce ni ba na bukatar gyara, ashe akwai wadda ake ba idonta mataki saba'in. Ni ina nan ina takaba, ba kwalli ba turare, ina kuka a kan layin da ya ja wa wata. Kai, namiji!

Ba zan jira Baffa ba, na ce. Yau da safe bayan na karya, na zauna na nemi na ɗari biyu da arba'in, na ja shi zuwa kwandon. Ban iya kwasar su gaba ɗaya ba, ɗaya-ɗaya na yi ta ja, kuma ko na iya ma haka na fi so. Sai da na kai ɗari da saba'in da ɗaya. Na rufe manhajar, na kashe kwamfutar, na sake kunnawa don in tabbata. Na kunna akshin ɗin a farin shafi. Bille ya zo, baki ya zo, gira ta zo, aka tsaya. Ba mai kallona kuma.

Sauran na bar wa Baffa, jibi in jefa su a gabansa yadda kika ce. Ban ji daɗi ba kamar yadda na zata, amma na yi barcin rana, wanda rabona da shi tun ranar rasuwar. Na yafe masa, Allah ma ya yafe masa. Kada ki gaya wa Iya wannan maganar, ba na so ta raina shi.

Zakiyya

Haɗeja
Litinin, 11 ga Agusta

Zakiyya,

Sallama da gaisuwa, muna lafiya, sauran gaisuwar sai gaba. Kada ki goge komai. Kin ji ni? Ko mataki ɗaya kada ki taɓa. Ki manta da abin da na rubuta miki shekaranjiya game da kwandon shara. Na kira wayarki ya fi sau goma, a kashe, kuma ba ni da lambar kowa a Limawa. Zan ba Tasi'u wannan yanzu-yanzu, na ce masa ko bai cika ba ya tashi.

Yau aka kawo Iya. Tana gyara wa jaririn shimfiɗa ta ɗaga filo, ɗan hoton nan ya faɗo. Ta ɗauka ta kai shi dab da hancinta, kin san idonta. Ta daɗe. Sai ta ce, «Wa ya sa wa wannan matar idon Hassana?» Na ce wace Hassana? Ta ce, «Hassana nawa gare ni? 'Yar wana, uwar Zakiyya. Ga billenta, ga 'yar bakan da wanzami ya karkace, ga wushiryar.» Ta zauna a bakin gado ta yi kuka irin wanda ban taɓa ganin ta yi ba.

Da ta natsu ta ba ni labari. Hoton mahaifiyarki ɗaya ne a duniya, na ranar aurenta, yana adakar Iya. Shekarar da ruwa ya shiga tsohon gida ya cinye fuskar, ya bar ɗankwali da wuya da kafaɗa, shi ya sa ba ta taɓa nuna miki ba. Uwaisu ya ji labarinsa ban san a ina ba. Ya zo ya roƙe ta, ya kai shi cikin gari ya kwafe a na'ura, ya dawo mata da abinta. Ya zauna a tabarma da takarda da fensir yana tambayarta, tana cewa a'a, ƙara sauko da shi, a'a, ba ta da faɗin hanci haka. Zuwansa na biyu ido kawai suka yi, tun hantsi har la'asar. Ya ce mata kin taɓa gaya masa kina jin kunya in ana hirar uwa, don ba ki da ko fuskar da za ki tuna. Ya sa ta yi alkawarin ba za ta faɗa wa kowa ba, har ni, wai bakina ba ya riƙe magana. Ai kuwa ya san ni.

Ga yadda za ki yi. Kwafin hoton da ruwa ya ci yana cikin kwamfutar, ki nema a foldar watan da ya zo nan. Ki buɗe shi shi kaɗai. A wannan karon ki juya makin: ki cire na matakan fasfo da na mai kawo akwatin, ki mayar wa duk na ƙasa. Sai ki kunna. Kowane layi zai sauka a inda ya aje shi, domin wannan ne hoton da aka yi su dominsa. In ta gama, ki adana da sabon suna, ki buga biyu, ɗaya na Iya.

Ɗan fasfon Iya ta ƙulle shi a bakin zaninta, ta ce ba mai raba ta da shi. Ta ce yaron nan ya iya, idon ne sak, kamar Hassana ce ta leƙo ta taga.

Ki nuna wa Inna, ki nuna wa Baffa, su ga abin da ɗansu yake yi. Zakiyya, za ki ga mahaifiyarki! Ki yi haƙuri da rubutun, sauri nake yi.

Rashida

Limawa, Dutse
Asabar, 16 ga Agusta

Yaya Rashida,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Ina fatan ke da jaririn da Iya kuna lafiya. Mu nan ba wanda yake kwance.

Takardarki ta ranar Litinin sai Alhamis da hantsi ta iso. Motar Tasi'u ta lalace a Kafin Hausa, ya kwana uku yana jiran ƙarfe daga Kano, takardar tana aljihun gaban motar. Ya yi ta ba da haƙuri daga bakin zaure, bai san me ya riƙe ba. Ban ga laifinsa ba. Na san yanzu tawa ta Laraba ta same ki, ba sai na maimaita abin da na yi ba.

Na karanta a tsaye. Da na kai inda Iya ta ce wa ya sa wa matar nan idon Hassana, sai na zauna a ƙasa. Inna ta zo tana tambaya, sai na karanta mata daga farko.

Ban yarda ba sai da na gwada komai. Na buɗe kwandon sharar kwamfutar, ba komai, tun ranar da Baffa ya sa na zazzage shi. Na danna maɓallin komawa baya har yatsana ya yi ciwo. Na sake ƙirga matakan sau uku ko Allah zai sa na yi kuskure. Ɗari da saba'in ne. Kin gaya mini tun farko ba malamin da zai dawo da su, kuma na karanta, na gane, da sanina na rufe manhajar.

Hoton yana inda kika ce. Ɗankwali mai ruwan goro, sarƙa siririya, kafaɗa. Fuskar kuwa tabon ruwa ne, fari da ruwan ƙasa. Na juya makin. Inna ta jawo kujera ta zauna kusa da ni, ta ce in akwai zunubi a kunnawar nan a raba da ita. Na danna.

Yaya, abin da na ga yana ɓata fuskokin mutane, a nan kowane layi gidansa ya shiga. Kunci ya cike inda ruwa ya ci. Haɓa ta haɗu da wuyan da ke ƙasa ba ko tazara. Bille ya sauka, 'yar bakan nan karkatacciya, leɓe ya buɗe, wushirya ta fito. Uku gajeru, ya dakata, ya ja dogo. Inna tana ta cewa, «Sannu, ɗan nan. Sannu.» Gira ta zo, ta hagu, ta dama. Sai aka tsaya.

Muka yi ta jira, ni da na san ba abin da zai zo, da ita da ba ta sani ba. Can ta ce, «Bai gama ba, Allah ya karɓi abinsa.» Da na yi shiru da shi ke nan, ta ba ni mafita da bakinta. Na ce, «Ya gama, Inna. Ni na cire.» Na gaya mata dalili, har da sallamar da ban amsa ba. Na zaci za ta tashi ta bar mini ɗakin. Ta kalli allon, sannan ta ce ita ma da hannunta ta miƙa wa Baffa ashanar.

Jiya Baffa ya zo bayan masallaci da mai wanke kwamfutar. Inna ta tare shi a tsakar gida, ta ce ya shigo ya gani tukuna. Ya tsaya a bakin ƙofa har aka gama. Ya ce shi ba zai ce halal ba, ba zai ce haram ba, Allah ya fi mu sanin abin da yaron ya nufa. Ya ce tunda hoton ya fito a adana shi, a daina tashin hannun mamaci yana aiki. Na ga gaskiyarsa. Na cire wa matakan makinsu duka a gabansa, suna nan a kwance, ya sallami mutumin.

Na san akwai ɗan fasfon da ke bakin zanin Iya. Kada ki karɓe mata. Idon da ke ciki bai kai ƙwayar gero ba, kuma a fuskar wata yake zaune. Ranar da idanun suke gabana cike da allo, ban tsaya na dube su ba sai da ƙiyayya. Yanzu ina rufe ido in nemo su, sai in ga ban riƙe komai ba, ko manya ne ko ƙanana. Shekara ashirin da shida ina roƙon Allah ya nuna mini ita ko a mafarki. Ya nuna mini ita sau arba'in a yini ɗaya, na ɗauke ta budurwar mijina.

Na buga guda biyu kamar yadda kika ce. Nawa yana jingine a kan akwatina. Tana murmushi, Yaya, daga gira zuwa kunci kuma tabon ruwa ne. In na shigo ɗakin ina gaishe ta.

Na Iya ban sa a takardar nan ba. Ki ce mata hoton ya fito, yaron ya cika aikinsa. Sauran kada ki faɗa mata. Saura kwana sittin da takwas in fita takaba, zan kawo mata da hannuna, in ta tambayi idon ni zan amsa.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarki,
Zakiyya